Hannun da ke naɗa rawanin Damagaram

Wata shekara, a wani aji na kwaleji, na rubuta wa ɗalibaina jerin sarakunan Damagaram a allo, tun daga Malam har zuwa zamaninmu, kowane da shekarar hawansa da ta saukarsa. Darasin Hausa ne muke yi. Nufina kawai su saba rubuta sunayenmu da ƙa'idar rubutunmu, su daina sa "ou" inda "u" ta wadatar. Suna cikin kwafa sai wata yarinya daga bayan aji ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, kun yi kuskure. Kun rubuta Ibrahim sau biyu, kun rubuta Tanimun sau biyu, ga Abubakar ma can ƙasa sau biyu." Na ce mata babu kuskure, kowanensu sau biyu ya hau gadon. Ta ce: "To wa ya sauke su, wa kuma ya maido su?" Ƙararrawar tashi ce ta cece ni ranar. Amma tambayar ta bi ni gida, kuma ita ce dalilin wannan rubutu da nake gabatar wa abokan aikina malamai da ƙungiyoyinmu na raya al'adu.

Jerin da muke koyarwa gida uku gare shi: suna, shekarar hawa, shekarar sauka. In ka karanta shi a jere sai ka ɗauka sarauta ruwan gulbi ce, tana gangarowa daga uba zuwa ɗa, daga wa zuwa ƙane, babu dutse a hanya. Gida na huɗu ne ya ɓace, wato sunan wanda ya ce "na yarda" kafin rawanin ya zauna. Iyakar abin da na fahimta daga karatun tarihin masarautar shi ne, cikin kusan shekara 300, mai wannan kalma ba safai yake zaune a Birni ba. Da can yana Barno, daga baya ya koma barikin Nasara, yau yana Yamai.

Yana da kyau mu fara da sanin inda jerin ya fito. Wanda ya tattara shi a rubuce da harshen Faransanci shi ne Landeroin, hafsa kuma tafinta a cikin tawagar Tilho da ta zo shata iyaka tsakanin ƙasar Faransa da ta Ingila, daga 1906 zuwa 1909. Ya zauna da fadawa da malamai da tsofaffi, ya rubuta abin da suka faɗa masa. Mai karatu ya riƙe waɗannan shekaru, don za mu komo kansu: a daidai lokacin da ake rubuta sunayen sarakunan Damagaram, babu ɗan sarki ko ɗaya a kan gadon. Bayan haka André Salifou, ɗan garin nan, ya fitar da littafinsa kan Damagaram a ƙarni na 19 a 1971, Ba'amurkiya Roberta Dunbar kuma ta kammala nata binciken a 1970. Shekarun da ke gaban 1812 lissafin baka ne, an tara tsawon mulkin kowane sarki aka yi ta komawa baya, shi ya sa wani littafin zai ce Malam ya kafa gidan a 1731, wani ya ce 1736. Wannan bai dame ni ba. Tsarin da ke cikin sunayen ya fi shekarun muhimmanci.

Malam mutumin Barno ne, malami, kuma gidan da ya kafa ya tashi ne a ƙarƙashin inuwar Mai na Barno. Ko sunayen sarautun fada sun isa shaida: Ciroma, Kaigama, Yarima, Magira, duk daga can suka zo, ko da yake Hausa ce ta zama harshen fada da na kasuwa. Jikan Malam, Tanimun Babami, ya bar ƴaƴa da yawa, biyar daga cikinsu kuma suka yi sarauta ɗaya bayan ɗaya: Asafa, Abaza, Malam ƙarami, Dauda, da Amadu. Mulkin wasunsu bai kai shekara 10 ba. A nan ne ake ganin ƙa'idar gidan, in har za a kira ta ƙa'ida: duk wanda ubansa ya taɓa sarauta yana da haƙƙin nema. Babu dokar da ta ce babban ɗa, babu wadda ta ce ƙane. Irin wannan tsari yana da alfanu, don ba ya tilasta wa jama'a su ɗauki ragon ɗa saboda kawai shi aka fara haifa. Illarsa kuwa ita ce, duk sarkin da ya daɗe ya hayayyafa, ya bar wa ƙasarsa masu neman gado fiye da yadda gado ɗaya zai ɗauka. Lokacin da masarautar take ƴan ƙauyuka tsakanin duwatsu, rigimar ba ta wuce gida. Da Sulaiman ɗan Tintuma ya mai da mazauninsa Zinder bayan 1812, garin ya zama mahaɗar ayarin Abzin da fataken Kano da na Barno, sai gadon ya zama abin da ya cancanci a zub da jini a kansa.

Ƴaƴan Sulaiman biyu, Ibrahim da Tanimun, su ne waɗanda ɗalibata ta gani sau biyu. Ibrahim ya hau a 1822. A 1841 Tanimun ya karɓe, a 1843 Ibrahim ya komo, sai kuma a farkon shekarun 1850 Tanimun ya sake hawa, hawan da bai sauka ba sai da mutuwa ta sauke shi a 1884. Wasu marubutan sun sa wannan hawa na biyu a 1851, wasu a 1854. Duk wannan kai da kawo da aka yi, Kukawa tana ciki dumu-dumu. Shehun Barno ne ke karɓar gandu daga Damagaram, mafi yawansa bayi, shi ne kuma ke aiko da rigar tabbatarwa. Ɗan sarkin da ƴan'uwansa suka fi ƙarfinsa ya san hanyar gabas, ya san ƙofar da zai kai gaisuwa. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya sauka a Zinder a watan Janairu na 1851, ya tarar da wani Sharif Bafashe zaune a garin a matsayin idon wazirin Barno, Alhaji Bashir. Shi ma Heinrich Barth, da ya iso a ƙarshen Disamba na 1852, da wannan Sharif ɗin ya yi hulɗa. Wato sarki yana fadarsa, amma a unguwa ɗaya da shi akwai mutumin da wasiƙarsa guda za ta iya jawo masa yaƙi.

Akwai wani abu da ya faru a 1846 da nake ganin ya kamata kowane malamin tarihi a jiharmu ya sani, don yana nuna cewa igiyar ta ɗaure mai ja kamar yadda ta ɗaure wanda ake ja. A shekarar nan Shehu Umar ya tura rundunarsa yamma don ta ladabtar da Sarki Ibrahim na Zinder, wanda ya ƙi biyayya. Da Kukawa ta zama babu mayaƙa, sai mutanen tsohon gidan Saifawa, waɗanda gidan Shehu Laminu ya ƙwace wa iko ya bar su da suna kawai, suka gayyato Sarkin Wadai. Wadai ta shigo, aka ƙone Kukawa, Shehu Umar ya kashe Mai Ibrahim, ɗansa Ali ya faɗi a fagen fama, daular da ta yi ɗaruruwan shekaru tana mulkin Kanem da Barno ta ƙare a nan. Taurin kan wani sarkin Damagaram yana cikin abubuwan da suka buɗe wannan ƙofa. Bayan shekara 7 kuma, a 1853, Abdurrahman ya ture wansa Shehu Umar, aka kashe waziri Alhaji Bashir, kafin Umar ya komo a 1854. Mai naɗa wasu shi ma nasa rawanin rawa yake yi.

Tanimun ya ga duk wannan da idonsa, kuma ina jin daga nan ya ɗauki darasinsa. Bai fito fili ya ce ya fita daga hannun Barno ba. Ya ci gaba da aika abin da yake aikawa in ya ga dama, ya jinkirta in ya ga dama, a gefe guda kuma yana tara abin da zai sa kowace runduna ta yi tunani sau biyu kafin ta nufo shi. Ya kewaye Birni da ganuwa. Ya sayi bindigogi ta hanyar ayarin arewa, ya sa maƙeran garin suna zuba igwa suna haɗa albarushi. Ya ɗora bayinsa a kan manyan muƙaman yaƙi da na fada, mutanen da ba su da wani gata sai shi, don ya rage wa ƴaƴan sarauta ƙarfi. Ya shigo da Mirriya da Muniyo da ƙasashen Sosebaki ƙarƙashin ikonsa, waɗanda da can su ma kai tsaye suke bin Barno. Mu Damagarawa muna alfahari da wannan zamani, kuma muna da dalili. Sai dai wanda zai koyar da shi ya faɗi gaskiya duka: kuɗin bindigar da na ganuwar daga harin bayi suka fito, kuma da yawa daga cikin ƙauyukan da aka kai wa harin jikokinsu suna zaune a ajujuwanmu yau. Richardson ya ga yadda ake shigowa da kamammu garin tun zamanin Ibrahim, abin da ya rubuta kuwa ba ya karantuwa da daɗi.

Abin da Tanimun bai yi ba, duk da shekara 30 da wani abu da ya samu, shi ne ya bar hanyar da za a bi a fitar da magajinsa ba tare da takobi ba. Ya rasu a 1884, ɗansa da ya fara hawa bai cika shekara ba ɗan'uwansa Sulaiman ɗan Aisa ya maye gurbinsa. Ganuwa ta hana baƙo shigowa, amma rigimar tana cikin gida.

Sai 1893. A shekarar nan Rabe ya ci Barno, ya rushe Kukawa, ya kafa mazauninsa a Dikwa. A shekarar nan kuma Amadu ɗan Tanimun, wanda ake wa kirari da Kuran Daga, ya hau gadon Damagaram. Daga nan zuwa 1899, shekara 6 ke nan, babu wani sarki a bayan ƙasa da Damagaram take jiran yardarsa. In ka duba jerin tun daga farkonsa har ƙarshensa, wannan ɗan tsakani ne kaɗai za ka iya cewa gida na huɗu babu kowa a ciki. Me aka yi da shekarun? Yaƙi aka yi. Kuran Daga ya juya kudu, ya kai wa Kano ta Sarki Alu hari har aka gwabza a Gezawa a 1898. A gabas kuma yana sauraren motsin Rabe, don ya san wanda ya ci uban gida zai nemi gandun bara. Cikin wannan hali ne kyaftin Cazemajou ya iso Zinder, yana kan hanyarsa ta zuwa wajen Rabe. Fada ta auna, ta ga Nasara da Rabe in suka haɗa kai Damagaram ce nama. Ranar 5 ga Mayu 1898 aka kashe Cazemajou da tafintansa Olive.

Littattafan Faransa na da sun kira wannan ha'inci, namu na bayan ƴancin kai sun kira shi jarunta. Ni dai abin da na gani a ciki shi ne hukuncin da masarauta ta yanke da kanta, ba tare da ta tambayi kowa ba, ta kuma biya kuɗinsa ita kaɗai. Bayan wata 14, ragowar rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta bar gawawwaki tun daga bakin Kwara har Birnin Konni, ta iso ƙarƙashin Pallier da Joalland, bayan sojojinta sun kashe shugabannin nata biyu a wajen Maijirgi. Aka haɗu a Tirmini, yamma da Zinder, a ƙarshen Yuli 1899. Dawaki da bindigogin gargajiya ba su yi wa bindigar zamani komai ba. Sarki ya fita daga garin, aka bi shi aka kashe shi a Rumji a watan Satumba. Nasara suka ɗauko ɗan'uwansa, Amadu ɗan Basa, suka naɗa.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Amadu ɗan Basa ya karɓi rawani daga hannun da ya kashe ɗan'uwansa, aka kuma sa shi tara haraji da raƙuma da hatsi da ƴan ɗaukar kaya don rundunonin da ke wucewa Cadi. Shekara 7 ya yi a haka. A 1906, shekarar da aka yi tawayen Satiru kusa da Sakkwato da na Kobkitanda a ƙasar Dosso, hankalin Nasara a tashe yake, sai aka kai wa kumandan labarin cewa sarki da wasu manyan gari suna shirin kashe Turawan bariki. Aka kama shi, aka tuɓe shi, aka kai shi Kodebuwa. Wannan labari ne André Salifou ya mai da wasan kwaikwayo, Mahamane Bakabé kuma ya yi fim da shi a 1982. Abin da ya biyo baya ya fi tuɓewar kanta zafi ga gidan sarauta: Nasara ba su naɗa wani ɗan sarki ba. Suka ɗauko Ballama, bawan fada, suka ba shi riƙon gari, suka rarraba ƙasar. Kayan aikin da Tanimun ya ƙera don ya danne ƴan'uwansa, wato bayin da ba su da kowa sai mai gida, shi sabon mai gida ya tsinta ya yi amfani da shi a kan jikokin Malam. Haka aka zauna har farkon shekarun 1920. A cikin wannan tsakani ne Zinder ta zama babban birnin yankin soja na Nijar, a 1911, kuma a farkonsa ne Landeroin yake zaune da tsofaffi yana rubuta sunayen sarakunan da aka rufe gidansu.

A 1923 Faransa ta ga mulki ta hannun sarakuna ya fi mata arha, sai ta maido da sarautar ta naɗa Barma Mustafa. Bayan shekara 3, a 1926, gwamna Brévié ya ɗauke babban birni ya kai Yamai. Tun daga ranar, takardar da ke tabbatar da Sarkin Damagaram daga nisan kilomita wajen 900 take zuwa, daga yamma, kamar yadda riga take zuwa daga gabas a zamanin Shehu.

Barma Mustafa ya yi shekara 27. Umaru Sanda ɗan Amadu ya gaje shi a 1950, ya yi 28. In ka tsaya a kan waɗannan alƙaluma sai ka ce an samu kwanciyar hankali, kuma ta wani fanni an samu. Amma dubi abin da ya wuce ta gaban fadar a zamanin Umaru Sanda kaɗai: gwamnonin Faransa, gwamnatin Djibo Bakary ta 1957, zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958 wanda gwamna Colombani ya jawo yawancin sarakunan ƙasar suka tsaya wa "i" a cikinsa alhali Sawaba tana kiran "a'a", ƴancin kai na 3 ga Agusta 1960 da Diori Hamani, sai juyin mulkin Seyni Kountché na 15 ga Afrilu 1974. Kowace daga cikin gwamnatocin nan ta zo da alkawarin sabon zamani, babu kuma wadda ta ajiye alƙalamin naɗi da tuɓewa da ta gada daga kumandan. Dokokin sarautar gargajiya da aka yi daga baya, ta 1993 da ta 2015, sun tanadi masu zaɓe, amma zaɓen ba ya zama naɗi sai hukuma ta sa hannu, kuma sarki a idon doka mataimakin gwamnati ne. Abubakar Sanda ya hau a 1978. A 2001 gwamnatin Tandja Mamadou ta tuɓe shi bisa zarge-zargen da ba nan ne wurin tona su ba, aka naɗa Mamadu Mustafa daga gidan Barma. A 2011 Abubakar ya komo. Amsar kashi na uku na tambayar ɗalibata ke nan, kuma in aka cire sunaye da shekaru, kusan amsar kashi na farko ce. Ƴan'uwanmu na kudu ma ba su tsira ba: an tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a 1996, an tuɓe Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na biyu a 2020, wata gwamnatin ta maido shi a 2024.

To shi mai alƙalamin fa, wa ke naɗa shi? A nan ne jerin fada da jerin ƙasa suke haɗuwa. Daga 1960 zuwa yau mutum 11 suka shugabanci Nijar: Diori, Kountché, Ali Saibou, Mahamane Ousmane, Ibrahim Baré Maïnassara, Daouda Malam Wanké, Tandja, Salou Djibo, Mahamadou Issoufou, Mohamed Bazoum, da Abdourahamane Tiani. Sau 5 soja suka karɓi mulki da ƙarfi, a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Sau ɗaya tak zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓen shugaba, ranar 2 ga Afrilu 2021. Abin da ya fi taɓa ni a wannan jeri shi ne rawar da ƴaƴan Damagaram suka taka a lokacin da ƙasar ta zauna don ta rubuta wa kanta ƙa'idar gado. Babban taron ƙasa da aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, André Salifou ne ya shugabance shi, mutumin da ya fi kowa sanin yadda Ibrahim da Tanimun suka yi. Shugaban farko da ƙa'idar ta haifar a 1993, Mahamane Ousmane, shi ma ɗan Zinder ne. Bai cika shekara 3 ba. Rigimar da ta tashi tsakaninsa da firaministansa Hama Amadou ta tsai da komai cik, ranar 27 ga Janairu 1996 soja suka raba gardamar. Tsarin mulkin ya sa mutum biyu a gado ɗaya, kowane da nasa haƙƙin, ya kuma manta da faɗin wanda zai shiga tsakani in sun saɓa. A 2009 kuma kalmar Hausa ce, tazarce, ta shiga bakin duniya, lokacin da aka nemi a ƙara wa wa'adi tsawo bayan ya cika.

Kada mu ɗauka wannan ciwo namu ne mu kaɗai, ko kuwa na manyan ƙasashe masu faɗi. Aikina na koyar da Faransanci ya sa na karanta tarihin tsibiran Komoro, can cikin tekun Indiya tsakanin Mozambik da Madagaska, ƙasar Musulmi wadda duk jama'arta ba su kai miliyan ɗaya ba, wato ba su kai kwatar mutanen jihar Damagaram ba. Su ma sarakunansu sun yi ta faɗa da juna, har ɗayansu, Said Ali na Bambao, ya nemi taimakon Faransa a kan abokan hamayyarsa. Ya samu a 1886, ya zama sarkin tsibirin Ngazija gaba ɗaya, ba a daɗe ba waɗanda suka ɗora shi suka kwashe shi suka fitar da shi daga ƙasar, kamar dai Amadu ɗan Basa. Sun karɓi ƴanci ranar 6 ga Yuli 1975, ba a yi wata guda ba aka kifar da shugaba Ahmed Abdallah. Sojan haya Bob Denard ya maido shi a 1978 bayan ya ture Ali Soilih, a 1989 kuma aka kashe Abdallah a fadarsa, Denard yana wurin. A watan Afrilu 1999, watan da aka harbe Baré a filin jirgin Yamai, kanar Azali Assoumani ya karɓi mulki a Moroni. Sai suka gwada wani abu da ya cancanci a lura da shi: tsarin mulkin 2001 ya ce shugabanci ya riƙa zagayawa tsakanin tsibirai uku. Ngazija ta yi a 2002, Anjuwan a 2006, Mwali a 2011, ya komo Ngazija a 2016, duk ta hanyar akwati. Wannan karɓa-karɓa ba baƙuwa ba ce gare mu, don da yawa daga cikin garuruwan Hausa sun san zagayen sarauta tsakanin gidaje. Ta yi aiki shekara 16. A 2018 wanda ke kan kujera ya kira zaɓen raba gardama ya sauya ta yadda zai iya ƙara wa'adi.

Ban kawo misalin Komoro don in ce ga magani ba. Na kawo shi ne saboda a can ma, duk lokacin da masu neman gado suka kasa yarda da alƙali a cikin gida, sai wani ya haye teku ya ɗauko alƙali daga waje, alƙalin kuma ba ya komawa hannu wofi. A wurinmu tekun rairayi ne, tafiyar kuma ta raƙumi ce zuwa Kukawa, ko ta mota zuwa Yamai. Kuskure ne mu koya wa yara cewa baƙo ne kullum yake kutsowa. Sau da yawa ɗan gida ne ya je ya kira shi. Kuskure ne kuma mu nuna masu shekara 6 na Kuran Daga a matsayin zamanin da komai ya daidaita, don ko a lokacin abin da ke tabbatar da sarki yawan barade ne da amincin bayin fada.

Akwai aikin da ƙungiyoyinmu za su iya yi wanda ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Landeroin ya tambayi fadawa sunayen sarakuna da yaƙoƙinsu, don abin da ya dame shi ke nan. Abin da ya rage a tambaya shi ne yadda ake zama a fitar da sarki: su wa ke shiga ɗakin, wa ke fara magana, mene ne matsayin Magira da limamai da attajiran Zango, me ake yi wa ɗan sarkin da ya nema bai samu ba. Maroƙan fada da tsofaffin matan gidan sarauta da zuriyar masu riƙe da sarautun bayi suna da wannan sani, kowane da gutsurensa, kuma ba su ƙaruwa. Haka nan a Mirriya da Dungas da Wacha da Gure, inda ake ba da labarin Tanimun da wata murya dabam da ta Birni.

Ni kam tun daga shekarar nan na ƙara gida na huɗu a allona. Gaban Ibrahim da Tanimun ina rubuta Kukawa, gaban Amadu ɗan Basa da Ballama da Barma Mustafa da Umaru Sanda ina rubuta Faransa, gaban na bayansu ina rubuta Yamai. Gaban Kuran Daga nakan bar wurin fari, in ce su cika da kansu. Bara wani yaro ya rubuta "takobinsa", na kusa da shi ya goge ya rubuta "bayin ubansa", suka yi ta musu har aka tashi.